Surukin Ahab: Haɗarin Raba Ƙafa Cikin Bangaskiya

Gabatarwa

Ba kasafai gida mai ƙarfi yakan rushe a dare ɗaya ba. Kafin ranar da rufi zai faɗo, gara ta daɗe tana cin azara a ɓoye, maigida kuwa yana shiga yana fita, yana ganin kome lafiya. Haka faɗuwar mai bi take. Da wuya a sami Kirista da ya tashi da safe ya ce daga yau ya rabu da Ubangijinsa. Abin da aka fi gani shi ne mutum yana zuwa sujada, yana ba da baiko, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, amma a wani lungu na rayuwarsa ya shirya da abin da Allah ya hana, yana cewa ai wannan ɗan kaɗan ne. Wannan shi ne raba ƙafa: ƙafa ɗaya a hanyar Ubangiji, ɗayar a hanyar da ake sa ran za ta kawo riba, ko suna, ko sauƙin zama.

Tambayar da ke gaban kowane iyalin Kirista ita ce, ko mutum zai iya sassauta abin da ya san gaskiya ne, saboda wani dalili mai kyau, ya kuma fita ba hasara? Babu inda tambayar nan ta fi nauyi kamar a sha'anin aure, gama aure alkawari ne da ba ya tsayawa a kan mutum biyu da suka ɗauke shi. Littafi Mai Tsarki ya adana labarin wani uba mai tsoron Allah da ya gwada wannan hanya, ya kuma nuna inda ta kai gidansa.

Sarkin Kirki da Mugun Suruki

Yehoshafat ɗan Asa ya yi sarautar Yahuza shekara 25 a Urushalima, yana kuwa cikin sarakuna kaɗan da Maganar Allah ta yaba. A shekara ta uku ta sarautarsa ya aiki hakimai da Lawiyawa da firistoci su zaga biranen Yahuza da littafin Shari'a, suna koya wa jama'a (2 Tarihi 17:7-9). Ya naɗa alƙalai, ya gargaɗe su a kan cin hanci da son kai. Sa'ad da Mowabawa da Ammonawa suka taso masa, ya kira azumi, ya sa mawaƙa a gaban mayaƙa, Ubangiji kuwa ya ba shi nasara. Da a zamanin nan yake, babu ikkilisiyar da za ta yi jinkirin zaɓensa dattijo.

Amma aya ta fari ta 2 Tarihi 18 ta haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya: Yehoshafat ya sami dukiya da daraja, ya kuma ƙulla surukuta da Ahab sarkin Isra'ila. Ya auro wa ɗansa Yehoram, magajin sarauta, Ataliya 'yar gidan Ahab. Ahab kuwa shi ne mijin Yezebel, wadda ta karkashe annabawan Ubangiji, ta cika ƙasa da bautar Ba'al. Yehoshafat bai jahilci halin gidan ba. Dalilinsa ma ba shi da wuyar ganewa. Tun da mulki ya rabu biyu bayan rasuwar Sulemanu, kusan shekara 60 ke nan Yahuza da Isra'ila suna zaman doya da manja, 'yan'uwa suna zub da jinin juna. Aure ɗaya zai kwantar da ƙurar. Wane mai hankali ne zai ce zaman lafiya mugun abu ne?

Bayan 'yan shekaru ya tafi Samariya gaishe da surukinsa. Ahab ya yanka masa tumaki da shanu masu yawa, sa'an nan ya roƙe shi su tafi yaƙi tare a Ramot-gileyad. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yehoshafat ya amsa nan take cewa shi da Ahab abu ɗaya ne, bayan ya amsa ne kuma ya ce a nemi nufin Ubangiji. Annabawa 400 suka faɗi abin da Ahab ke son ji. Mikaiya kaɗai ya faɗi gaskiya, aka mare shi, aka ba da umarni a jefa shi kurkuku, Yehoshafat yana zaune cikin rigar sarauta yana kallo. Ya ji gargaɗin da kunnensa, duk da haka ya tafi, domin ya riga ya ba da bakinsa. A fagen fama Ahab ya ɓad da kama, ya bar surukinsa sanye da kayan sarauta, har mahayan karusan Suriya suka yi masa ca, suna tsammani shi ne sarkin Isra'ila. Jinƙan Allah kaɗai ya fid da shi. Da ya komo gida, annabi Yehu ɗan Hanani ya tarye shi da tsautawa a kan taimakon mugu (2 Tarihi 19:2). Daga baya kuma ya sāke haɗa hannu da Ahaziya ɗan Ahab wajen ƙera jiragen fatauci a Eziyon-geber, jiragen suka farfashe ba su yi tafiyar ba.

Yehoshafat ya rasu cikin daraja, aka binne shi tare da kakanninsa. Bayan ransa ne bashin ya zo biya. Da Yehoram ya kahu a gadon sarauta, sai ya kashe 'yan'uwansa shida da takobi. Ya bi halin gidan matarsa, ya yi mulki shekara 8, ya mutu da mugun ciwon hanji, ba wanda ya yi baƙin cikin rashinsa. Ɗansa Ahaziya ya yi shekara 1 kawai, uwarsa ce mai ba shi shawarar mugunta. Da aka kashe shi, Ataliya ta tashi ta hallaka 'ya'yan sarauta, wato jikokinta na cikinta, ta hau gadon Dawuda shekara 6. A kwanakin nan akwai haikalin Ba'al da firist nasa a Urushalima, kayan Haikalin Ubangiji ma aka kwashe aka yi wa Ba'al hidima da su (2 Tarihi 24:7). Zuriyar da aka yi wa alkawarin Almasihu ta ragu har ta koma jariri guda ɗaya, Yowash. Abin da rundunar Mowab da Ammon ta kasa yi, ɗaurin aure ɗaya ya kusa gama shi.

Yadda Raba Ƙafa ke Aiki

Abu na fari da labarin nan ya nuna shi ne, raba ƙafa takan zo cikin rigar hikima. Mai jaraba ba ya zuwa wa mutumin kirki da zancen bautar gunki, ya san zai ƙi. Yakan zo masa da zancen zaman lafiya, da rufin asiri, da makomar yara, da mutuncin gida. Na biyu, sakamakonta yakan yi jinkiri, jinkirin nan kuwa shi ke ruɗin mutane. Sulemanu ya fara da 'yar Fir'auna yana saurayi mai ƙaunar Ubangiji, sai da ya tsufa ne matansa suka karkatar da zuciyarsa. Masujadan da ya gina wa Kemosh da sauran gumaka a tudun gabas da Urushalima sun tsaya wajen shekara 300, har zamanin Yosiya (2 Sarakuna 23:13). Na uku, sau da yawa ba wanda ya ci bashin ne ke biya ba. Yehoshafat ya sha biki, 'ya'yansa shida da tattaɓa kunnensa suka biya da jininsu.

Ba a wajen aure kaɗai ake raba ƙafa ba. A shekara ta 250, Desiyus sarkin Roma ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga allolin daular a gaban jami'ai, ya karɓi takardar shaida. An tono irin takardun nan fiye da 40 a ƙasar Masar. Waɗansu Kirista suka ƙi, aka kashe su, har da Fabiyan bishop na Roma. Waɗansu suka miƙa hadayar. Kashi na uku kuwa suka ga kamar sun sami dabara: suka ba jami'ai kuɗi aka rubuta musu takardar ba tare da sun taɓa turare ba. Ikkilisiyar Kartaj a ƙarƙashin bishop Kifriyan ta lasafta su cikin waɗanda suka fāɗi, ko da yake taron da aka yi a 251 ya buɗe musu ƙofar komowa bayan tuba. Hujjar a fili take: hannu bai miƙa hadaya ba, amma takarda ta shaida wa duniya cewa sun yi musun Kristi, su kuma sun yarda ta faɗi haka a madadinsu. Ma'aikacin da ya rage shekarunsa a takarda, uwar da ta saya wa ɗanta amsar jarrabawa, dattijon da ke addu'a da safe da dare kuma ya aika wurin boka, ɗan kasuwar da ya shiga ƙungiyar asiri domin ciniki ya buɗe, dukansu jikokin masu sayen takardar nan ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai ya kamata a bambanta raba ƙafa da zaman lafiya, gama waɗansu sukan rikita su. Laifin Yehoshafat ba daina yaƙi da Isra'ila ba ne. Irmiya ya umarci kamammu su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su (Irmiya 29:7). Daniyel ya yi karatun Babila, ya yi wa sarakunanta aiki da aminci, amma ya san inda zai ja layi, wato a kan abincin sarki da kuma addu'a. Manzo Bulus ya ce mai son guje wa marasa bi ɗungum sai dai ya bar duniya, ya kuma yarda mai bi ya amsa gayyatarsu ta cin abinci (1 Korintiyawa 5:9-10; 10:27). Gaishe da maƙwabci ranar sallarsa, zuwa ta'aziyya, ciniki na gaskiya, taimako a ranar gobara, duk wajibi ne a kan Kirista. Abin da aka hana shi ne ɗaurin da zai sa wani ya riƙe ragamar inda rayuwar mai bi ta nufa.

Karkiya Ɗaya, Wuya Biyu

Duk wanda ya taɓa ganin huɗa da garmar shanu ya san dalilin da ya sa manomi ke zaɓen bijimai masu tsayi ɗaya da ƙarfi ɗaya. Shari'ar Musa ta hana haɗa sa da jaki a garma guda (Maimaitawar Shari'a 22:10). Tsayinsu ba ɗaya ba, takunsu ba ɗaya ba, karkiya za ta goge wuyan kowannensu, kunya kuma ta fito a karkace. Da wannan misali ne Bulus ya gargaɗi Korintiyawa a kan haɗa kai da marasa ba da gaskiya (2 Korintiyawa 6:14). Gaskiya ne ayar ba ta ambaci aure da suna ba, ta shafi kowace irin tarayya mai ɗaure lamiri. Amma in akwai karkiya a duniya, aure ne. A 1 Korintiyawa 7:39 kuwa manzon ya fito fili: gwauruwa tana da 'yancin auren wanda ta ga dama, da sharaɗi ɗaya, ya zama na Ubangiji ne.

Abin lura shi ne, dokar garma ta tausaya wa dabbobin duka biyu. Haka ma a nan. Wanda ba mai bi ba da ya auri Kirista shi ma an ƙware shi, gama ya ɗauko wadda a zuciyarta take jiran ranar da zai zama wani mutum dabam, wadda kuma abin da ta fi ƙauna a duniya ba za su iya tarayya a cikinsa ba. In an zauna lafiya a irin gidan nan, sau da yawa domin ɗayansu ya yi shiru ne a kan abin da ya gaskata. Wanda ya fi yin shirun kuwa shi ne wanda ya riga ya sassauta sau ɗaya a ranar ɗaurin aure.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan, malamin ikkilisiya a Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, ya rubuta wa matarsa a kan wannan batu. Bai tsaya a kan manyan kalmomi ba, harkokin yau da kullum ya lissafta: ranar azuminta ita ce ranar da mijin zai shirya liyafa, ba zai so ta riƙa shiga bukkokin matalauta gaishe da 'yan'uwa ba, ba zai yarda ta kwana a taron addu'ar Ista ba, baƙon da ya zo cikin sunan Kristi kuma ba zai sami masauki ba. Bayan shekara 1,800 lissafin bai canja ba. Wa za a kira sa'ad da jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare? Da sunan wa za a yi addu'a a kan abinci? Ina yara za su tafi ran Lahadi da safe? Wa zai raɗa suna, wa zai binne gawa?

A ƙasar nan akwai kuma batun doka, wanda 'yan mata da yawa ba sa tambaya sai bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Auren da aka ɗaura a ƙarƙashin Dokar Aure ta ƙasa na mace ɗaya ne, auren gargajiya da na Musulunci kuwa sun ba miji damar ƙari. A shari'ar Musulunci namiji yana iya auren Kirista, amma mace Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba. 'Ya'ya addinin uba ake lasafta musu, bambancin addini kuma yana hana gādo, sai dai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Musulmi mai riƙon addininsa ba ya ɓoye waɗannan, ba kuwa laifi ba ne ya tsaya a kan abin da ya gaskata. Abin mamaki shi ne Kirista da ke ɗaukar tasa bangaskiya da sauƙin da maƙwabcinsa ba ya ɗaukar tasa. A gidan da ake bin al'adun tsafi kuma, akwai yankan da ake nema daga suruka a lokacin haihuwa, ko ciwo, ko mutuwa, ƙin yi kuwa yakan zama gaba da dangi duka.

Yara su ne madubin abin da ya faru. Nehemiya ya tarar da Yahudawa da suka auri matan Ashdod da Ammon da Mowab, rabin 'ya'yansu ba su iya harshen Yahuza ba (Nehemiya 13:23-24). Yaron da bai ji harshen ba, yaya zai fahimci Shari'ar da ake karantawa? Tsara ɗaya ta isa a yanke igiyar.

Wane ne Marar Bi?

A nan ne iyaye da yawa suke juya Maganar Allah a bai-bai. Dalilin da aka bayar na hana auratayya da Kan'aniyawa shi ne za su juya zuciyar 'ya'ya ga waɗansu alloli (Maimaitawar Shari'a 7:3-4). Zancen sujada ne, ba na jini ba. Rahab 'yar Yariko ce, Rut kuwa Bamowabiya, dukansu biyu sun rungumi Allah na Isra'ila, sunansu kuma yana cikin asalin Yesu Kristi a Matiyu sura 1. Sa'ad da Maryamu da Haruna suka soki Musa saboda matarsa Bakushiya, Ubangiji bai goyi bayansu ba (Littafin Ƙidaya 12). Saboda haka uban da ya hana 'yarsa auren saurayi mai tsoron Allah don kawai shi Batangale ne ko Babure ko mutumin Tarok, amma ya buɗe ƙofa ga attajirin ƙabilarsa wanda kowa ya san ba ruwansa da Allah, ya gina katangar da Kristi ya rushe, ya kuma rushe wadda Allah ya gina. Haka nan Bahaushe ko Bafulatani da ya bi Kristi, ya rasa dangi saboda bangaskiyarsa, in ya nemi aure cikin ikkilisiya aka riƙa yi masa kallon baƙo, ikkilisiyar ce ta yi zunubi.

Akwai kuma marar bi da ya fi wuyar ganewa, wato mai sunan Kirista. Masu bishara sun sauka a Wase a 1904, a Numan a 1913, a Garkida a 1923. Yau akwai gidajen da tsara ta huɗu ke nan ana raɗa sunan Bitrus da Yohanna da Rifkatu. Wannan abin godiya ne, amma suna ake gāda, ba a gādon sabuwar haihuwa. Abin lura ne cewa 'ya'yan gidan Ahab, wato Ahaziya da Yehoram da ita Ataliya kanta, duk sunayensu a harshen Ibrananci suna ɗauke da sunan Ubangiji. Saurayin da ya fara zuwa ajin baftisma wata uku kafin biki, bayan shekaru ba a ga ƙeyarsa a majami'a ba, ya kamata dattawa su tambayi kansu ko Kristi yake nema ko amarya. Katin baftisma ba ya amsa wannan tambaya. Abin da ke amsa ta shi ne yadda mutum ke samun kuɗinsa, yadda yake yi wa uwarsa magana, abin da yake yi in ya husata, da abin da yake nema daga budurwarsa kafin aure.

Hujjojin da Aka Saba Ji

Hujja ta fari ita ce, mai bi zai jawo abokin aurensa ga Ubangiji. Hakan yakan faru, tarihi ma ya shaida. Monika, mahaifiyar Augustin na Afirka ta Arewa, an aurar da ita ga Fatrisiyus, mutum mai zafin rai wanda ba Kirista ba. Ya karɓi baftisma dab da rasuwarsa wajen 371, ɗanta kuwa sai a 387 aka yi masa baftisma a Milan yana da shekara 32, a shekarar da ita ma ta rasu. Alherin Allah ne ya yi wannan, bayan hawaye na shekaru masu yawa. Amma Monika ba ita ta zaɓa ba, aurar da ita aka yi. Bulus da kansa ya tambayi mace yadda ta san za ta ceci mijinta (1 Korintiyawa 7:16). Allah ya fid da Yehoshafat daga Ramot-gileyad, wannan bai mai da tafiyar daidai ba. Wanda ya fara wa'azinsa da rashin biyayya ya riga ya nuna wa mai sauraronsa cewa akwai abin da ya fi Kristi daraja a wurinsa.

Hujja ta biyu ita ce, 'yan mata sun yi yawa a ikkilisiya, samari masu niyya kuwa kaɗan ne, shekaru kuma suna tafiya. Wannan kuka ne na gaske, bai kamata a amsa shi da ba'a ba. Shi ma tsohon kuka ne. Taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Elbira ta ƙasar Sifen a farkon ƙarni na 4 ya ambaci yawan 'yan mata da bakinsa, ya kuma ce wannan ba zai zama dalilin ba da su ga masu bautar gumaka ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai ikkilisiyar da ta ce wa 'yarta ta jira, wajibi ne ta sauƙaƙa mata jiran. Iyaye su rage jerin kayan da ke korar samarin kirki marasa ƙarfi. Mata a zumunta su daina gaishe da budurwa da tambayar yaushe za a ci shinkafa. Masu wa'azi su tuna 1 Korintiyawa 7 ta girmama wanda bai yi aure ba, ba ta ɗauke shi rabin mutum ba. Sau da yawa gorin gida ne ke tura yarinya, ba son zuciyarta ba.

Hujja ta uku ita ce, wannan mutum ya fi samarin ikkilisiya hali. Wani lokaci gaskiya ne, abin kunya ne kuwa ga samarin da ke ɗauke da sunan Kristi suna yaudarar 'yan mata. Kyakkyawan hali abin girmamawa ne a duk inda aka same shi. Amma matafiya biyu masu kirki, in ɗaya Yola ya nufa ɗaya kuma Sakkwato, kirkinsu ba zai sa mota ɗaya ta kai su duka ba. Dole wani ya bar tafiyarsa.

Waɗanda Suka Riga Suka Shiga

Cikin kowace ikkilisiya akwai waɗanda ke zaune a irin auren nan. Waɗansu sun ba da gaskiya bayan aure, waɗansu tilasta musu aka yi, waɗansu kuma da idonsu buɗe suka shiga. Umarnin Sabon Alkawari gare su a sarari yake: in abokin auren ya yarda su zauna, kada mai bi ya nemi rabuwa, auren aure ne, 'ya'yan kuma ba ƙazamai ba ne (1 Korintiyawa 7:12-14). Bitrus ya ce hali mai tsabta yakan rinjayi mijin da magana ba ta rinjaye shi ba (1 Bitrus 3:1-2). Timoti ɗan irin wannan gida ne. Ubansa Baheleni ne, amma uwarsa Afiniki da kakarsa Loyis sun koya masa Littattafai tun yana jariri, har ya zama na hannun daman Bulus.

Wanda ya shiga da gangan yana bukatar tuba ta gaskiya, ƙofar gafara kuwa a buɗe take, kamar yadda aka buɗe wa masu sayen takarda a Kartaj. Horon ikkilisiya domin komo da mutum ne (Galatiyawa 6:1). Iyayen da suka yi rantsuwa 'yarsu ba za ta ƙara taka gidansu ba sun yanke igiya ta ƙarshe da ke haɗa ta da jikokinsu da bishara. Ya kamata Zumuntar Mata ta san ƙofar gidanta, fasto ya san sunayen 'ya'yanta. Inda kuma ake dukanta ko ana barazana ga ranta, aikin dattawa ne su tsaya mata, kada su sallame ta da kalmar haƙuri kawai.

Kammalawa

Labarin gidan Yehoshafat bai ƙare da Ataliya ba. Sa'ad da ake kashe 'ya'yan sarauta, Yehosheba 'yar sarki Yehoram ta sace jariri Yowash, ta ɓoye shi da mai renonsa. Mijinta shi ne Yehoyada firist. Shekara 6 mata da miji suka riƙe asiri ɗaya a Haikalin Ubangiji, ransu a hannu, har ranar da aka naɗa yaron yana da shekara 7, aka rushe haikalin Ba'al (2 Sarakuna 11). Da Yehosheba ta auri mai bin Ba'al, ina za ta kai jaririn? Aure ɗaya ya kusa kashe fitilar Dawuda, wani auren kuma Allah ya yi amfani da shi ya kāre ta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Zancen wanda ɗa ko 'ya za su aura ba a ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ake fara shi ba, gama a lokacin so ya riga ya hana ganin laifi. Ana fara shi ne a addu'ar iyali, da kuma abin da yara ke gani iyayensu suna girmamawa. Yaron da ya ga ubansa ya ƙi cin hanci ya kwana da yunwa, ba zai yi mamaki ba ranar da uban ya ƙi attajirin suruki. Ibrahim ya aiki baransa tafiya mai nisa domin Ishaku, ya gwammace wahalar hanya da surukutar da ke kusa. Kowane uba da kowace uwa da ke shirin karɓar sadaki, ya kamata su ɗaga ido su wuce ranar biki, su dubi jikokin da ba a haifa ba tukuna, su tambayi kansu wane suna za a koya musu su kira in sun durƙusa. Ubangiji ya ba gidajen masu bi zuciya ɗaya, ya tsare su daga surukutar Ahab. Amin.